In Likita Ya Ce Zai Ɗebi Tsoka

'Yan'uwa manoma, kowa a cikinmu ya san abin da mai sayen hatsi ya ke yi kafin ya biya kuɗin buhu. Ba ya kwance buhun ya zazzage a ƙasa, ba ya kuma yarda da bakin mai kaya kawai. Ya kan ɗauki ɗan ƙarfen nan mai rami ya soka a gindin buhu, ya soka a tsakiya, ya zuba abin da ya fito a tafin hannu ya duba. Daga 'yan ƙwayoyin nan zai san ko masarar ta bushe, ko ƙwari sun shiga, ko an cika ƙasan buhun da tsakuwa. Mu ma malaman gona mu kan haƙo ƙasa kaɗan daga wurare dabam dabam a gona ɗaya, mu aika ɗakin gwaji domin a san irin takin da ta ke so. In kare ya ciji yaro aka kashe karen, a kan garzaya da yaron asibiti, kan karen kuma a aika Vom, inda ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta ke tun 1924, a duba ƙwaƙwalwarsa a ga ko mahaukaci ne.

Ba wanda ya ke ganin laifin waɗannan duka. Amma ran da likita ya ce wa ɗayanmu, ko matarsa, ko ɗansa, "Zan ɗebi ɗan yankin tsoka daga kumburin nan in aika a duba," sai hankali ya tashi. Wani ya ce sai ya yi shawara da gida, daga nan ba a sake ganinsa ba. Wani ya ce ai magani ya zo nema, ba yanka ba. A yawon da na ke yi cikin ƙungiyoyinmu na sha jin wannan magana, shi ya sa na ga ya kamata mu zauna a kanta. Likitoci suna kiran wannan aiki bayofsi, ma'anarsa kuwa ita ce a ɗebi kaɗan daga jikin mai rai a duba da madubin likita, domin a san sunan cutar kafin a soma magani.

KUMBURI ƊAYA, CUTA UKU

Mu ɗauki misalin ƙullutu a wuya, wanda ya yi wata biyu bai faɗa ba. Ga ido da hannu duk kusan ɗaya ne: abu ne mai tauri a ƙarƙashin fata, wani lokaci ba ya ma ciwo. Amma kama da wane ba wane ba ne. Yana iya zama kaluluwa ce kawai, saboda ruɓaɓɓen haƙori ko miki a fatar kai, wadda za ta baje in an warkar da asalin abin. Yana iya zama tarin fuka ne da ya sauka a wuya maimakon huhu, har mai shi ba ya tari ko kaɗan. Yana iya kuma zama daji, ko dai wanda ya tsiro a wurin, ko wanda ya taso daga maƙogwaro ko bayan hanci.

To, maganin kowanne dabam. Na farko bai wuce 'yan kwanaki ba. Tarin fuka wata shida a ke shan ƙwayoyinsa kowace rana, kyauta ne kuwa a cibiyoyin gwamnati. Daji kuma yana bukatar manyan allurai, ko aiki, ko gashi da na'ura, a babban asibiti. In an ba mai daji maganin tarin fuka bisa zato, zai yi watanni yana haɗiyar ƙwaya, cutar tana ci gaba da aikinta. In kuma an ɗura wa mai tarin fuka alluran daji, an karya masa ƙarfin jiki a daidai lokacin da ya fi bukatarsa, an kuma cinye masa bijimin noma a banza. Hoton asibiti yana nuna girman kumburi da inda ya kai. Jini yana ba da nasa labari. Amma a irin wannan hali abin da ya ke raba gardama shi ne tsokar kanta.

Ba kowace cuta ce ke bukatar haka ba, kada a ɗauka duk wanda ya je asibiti za a yanke shi. Zazzaɓin cizon sauro ɗigon jini ya ishe shi. Tsargiya a fitsari a ke ganin ƙwanta. Ko dajin hanta, wanda ke da alaƙa da ciwon hanta mai daɗewa da kuma cin gyaɗa ko masara mai funfuna, sau da yawa hoto da jini sun isa a gane shi. Likita ba ya neman tsoka sai inda sauran hanyoyi suka gaza faɗin gaskiya.

YADDA A KE ƊIBA

Hanya mafi sauƙi ita ce siririyar allura, irin ta yau da kullum. A kan soka ta cikin kumburin a zuƙo ɗan abin da ke ciki, a shafa a gilashi. Minti kaɗan an gama, mutum ya koma gida da ƙafarsa. Sai kuma allura mai ɗan kauri mai rami, wadda ita ce ta yi kama da ƙarfen mai sayen hatsi sosai. A kan yi allurar kashe zafi a wurin tukuna, sa'an nan ta shiga ta fito da ɗan siririn tsoka kamar guntun tsinken tsintsiya. Da ita a ke yawan duba ƙullutun nono. In miki ne a fata, a kan yanki kaɗan daga gefensa a yi ɗinki ɗaya ko biyu. In ƙullutun ƙarami ne, wani lokaci a kan cire shi duka a aika. Na cikin ciki da hanji kuwa, da siririn bututu mai fitila a ke shiga, a tsinko abin da bai wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba.

Gaskiya ne akwai ɗan ciwo bayan allurar kashe zafi ta sake, wani lokaci da ɗan jini ko kumburi. Mai shan asfirin kullum, ko maganin tsinka jini, ko wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, ya faɗa wa likita tun kafin a fara. Bayan an gama a bar wurin a bushe, a rufe. Wanda aka ɗiba a ƙafarsa ya haƙura da shiga fadama har a cire zare. In wurin ya yi ja, yana zafi, yana fid da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a ranar.

Wani lokaci kuma takarda ta kan dawo ta ce abin da aka aiko bai isa ba, a sake ɗiba. Kada a ce likita ya yi wasa da mutum. Mai sayen hatsi ma ya kan soka ƙarfe ya fito da masara mai kyau, alhali ƙwarin suna ɗaya gefen buhun.

INA TSOKAR TA KE ZUWA?

Wannan tambaya ce da mutane da yawa su ke yi a zuci, ba su furtawa. Akwai masu tsoron cewa za a yi tsafi da naman jikinsu, ko a sayar. Bari in faɗi tafiyarta daki daki, gama abin da mutum ya sani ba ya ba shi tsoro kamar wanda bai sani ba.

Da an ɗebo, nan take a ke jefa ta cikin kwalba mai wani ruwa mai ƙarfin wari da a ke kira fomalin. Aikinsa shi ne ya tsai da tsokar yadda ta ke, kada ta ruɓe. A kan rubuta sunan mai ita da lambarsa a jikin kwalbar, a haɗa da takardar da likita ya bayyana inda ya ɗebo da abin da ya ke zato. A ɗakin gwaji a kan janye ruwan da ke cikin tsokar, a zuba mata narkakken kaki irin na kyandir, ya daskare da ita a ciki. Dalilin kakin shi ne nama yana da laushi, ba ya yankuwa siriri sai an ba shi abin jingina. Sa'an nan a ɗora a kan wata na'ura mai wuƙa wadda ta fi reza kaifi, ta riƙa feƙe shi falle falle. In ka raba milimita ɗaya gida 250, kauri ɗaya ke nan na kowane falle, watau gashin kanka ya fi shi kauri fiye da sau goma. Haske yana ratsa shi kamar fatar albasa.

Fallen nan ba shi da launi, don haka sai an rina shi. Rini biyu a ke yawan sa wa, ɗaya shuɗi, ɗaya ja-ja, kowanne da sashen da ya ke kamawa. Daga nan sai gilashin ya je gaban wani likita wanda yawancin marasa lafiya ba su taɓa ganin fuskarsa ba, wanda aikinsa ke nan, duban tsoka. Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace gaɓa da irin nata da yadda su ke jeruwa, kamar kunyoyin gona da aka shuka a layi. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya kafa wannan ilmi sosai a 1858, ya nuna cewa cuta daga ƙwayoyin nan ta ke farawa, a cikinsu kuma a ke gane ta. In tarin fuka ne, mai duban zai ga ƙwayoyin sun taru sun kewaye wani mataccen abu fari-fari kamar cuku. In daji ne, zai ga layi ya ɓaci, ƙwayoyin sun yi girma dabam dabam, suna haihuwa ba tsari, suna tsallake iyaka suna shiga gonar maƙwabta kamar ƙuduji. Ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu.

Ragowar tsokar tana nan cikin kakinta, da lamba, a ajiye shekara da shekaru. In an so a sake dubawa, ko a kai wa wani likita ya ba da nasa ra'ayi, sai a ɗauko. A arewacin Nijeriya akwai irin wannan ɗaki a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Shika kusa da Zariya, da na Jos, da Kano, da Maiduguri, da Sakkwato. Masu wannan aiki ba su da yawa in an kwatanta da jama'armu, shi ya sa sakamako ya kan ɗauki mako biyu ko fiye in daga ƙauye aka aika.

MUN SABA DA SHI TUN DĀ

Dattawan da suka zauna kusa da koguna masu gudu, kamar kwarin Hawal, za su tuna da masu zuwa yankan fata. Baƙin ƙudan nan da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, in ya ciji mutum ya kan sa masa wata tsutsa. Uwar tsutsar ta kan zauna cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata har shekara goma ko fiye, tana haifar dubban 'ya'ya masu yawo cikin fata, su ne ke kawo ƙaiƙayin da ba ya bari a yi barci, in sun kai ido kuma su makantar. Domin a tabbatar, sai a ɗaga fatar ƙugu da bakin allura a yanki ɗan mitsitsi, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ko jini ba ya fita sosai. A sa shi cikin ɗigon ruwan gishiri a jira. Can sai a ga 'ya'yan tsutsar suna fitowa suna wutsil-wutsil a ƙarƙashin madubi. Da irin wannan aka gano ƙauyukan da cutar ta yi katutu, aka san inda za a kai magani. Tun 1987 kamfanin Merck ya ke ba da ƙwayar Mectizan kyauta, a 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da yaɗuwar cutar, ita ce ta fari a Afirka. Yanzu an fi dogara ga gwajin jinin yara da gwajin ƙudan kansa, amma yankan fatar ne ya buɗe hanya.

Haka ma kuturta. Tabo mai haske a fata yana iya zama kyasbi, yana iya zama farkon kuturta. Ma'aikaci ya kan fara da shafa auduga a wurin, mai tabon ya rufe ido, a ga ko yana ji. In ana bukatar ƙari, a kan ɗan tsaga fatar kunne ta ƙasa, inda mata ke sa 'yan kunne, a kankaro ruwan wurin a rina a duba. In an ga ƙwayoyin cutar, maganin wata 12 ne. In ba a gani ba, tabban kuma ba su wuce biyar ba, ba ta kuma taɓa jijiya ba, wata shida ya isa. Kun ga a nan ɗibar ba sunan cuta kawai ta faɗa ba, har da tsawon magani.

YARO MAI KUMBURIN MUƘAMUƘI

Akwai wata cuta da na ke so kowace uwa da kowane uba su riƙe, domin ita ba ta jiran kowa. Yaro ɗan shekara huɗu zuwa goma, muƙamuƙinsa ya kumbura a gefe, haƙoransa su soma girgiɗi, wani lokaci ido ya turo waje, ko ciki ya yi tulu. Mutane su kan ce hangum ne ko ciwon haƙori, a je a cire haƙorin. Cikin mako biyu fuskar yaron ta sauya kama, gama wannan ƙari yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wani likita mai fiɗa ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, ya ga irin yaran nan a asibitin Mulago a Kampala ta Yuganda, ya rubuta bayaninsu a 1958, shi ya sa cutar ta ke ɗauke da sunansa. A dā ana ɗaukar kumburin muƙamuƙi cuta ɗaya, na ciki kuma wata dabam. Masu duban tsoka na Kampala ne suka ɗora su a ƙarƙashin madubi suka ga ashe abu ɗaya ne, dajin ƙwayoyin kaluluwa. Kamanninsa kuwa ba ya ɓuya ga wanda ya san shi: baƙaƙen ƙwayoyi cunkus, da fararen ɗige-ɗige a tsakani, kamar sararin sama da taurari a daren da ba wata. Wannan sani shi ya sauya magani. Tun da ba a wuri ɗaya cutar ta ke ba, wuƙa ba za ta raba yaro da ita ba, sai maganin da ke bin jini. Da aka gwada alluran, sai aka ga ƙarin yana narkewa cikin 'yan kwanaki. Likita Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna haka, a 1972 kuma aka ba shi lambar yabo a Amurka tare da Burkitt da waɗansu. Daga tsokar yaran nan da aka riƙa aikawa Landan ne kuma aka gano, a 1964, ƙwayar cuta ta farko da aka san tana da hannu a dajin ɗan Adam. An kuma lura cutar ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, watau irin ƙasarmu.

Yara da yawa sun warke sarai daga wannan cuta, amma sai waɗanda aka kai da wuri, aka ɗebi tsoka aka tabbatar, aka kuma gama alluran duka. Wanda ya ce bari a gama noman biyu, ko bari a sayar da gyaɗa da kaka, ya yi wa yaron lissafin da cutar ba ta yarda da shi ba.

WAI DAJI BA YA SON ƘARFE

Kowa ya taɓa jin an ce daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ban ga amfanin yi wa masu faɗin haka dariya ba, gama abin da suka gani da idonsu su ke faɗa. Sun ga mace da ƙullutu a nono an kai ta wurin wanzami ya yi sakiya, ko ya tsaga ya sa ƙaho, yana zaton maruru ne. Babu mugunya a ciki, sai jini. Mikin ya ƙi rufewa, ya buɗe, ya yi wari. Wannan gaskiya ne, kuma dalili ne babba na hana kowa taɓa kumburin da ba a san ko mene ne ba. Sun kuma ga wadda ta ɓoye nata shekara biyu, sai da ya kai hammata aka kai ta asibiti, aka ɗebi tsoka, bayan wata uku ta rasu. Sai a ce allurar ce ta tayar da shi. Amma cutar ta riga ta yi nisa tun kafin allura ta zo, allurar ta dai faɗi abin da ta tarar.

Likitoci sun bi wannan magana da kyau. Yaɗuwar daji ta hanyar allurar ɗiba abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, a 'yan wuraren da a ke tsoron haka kuwa, kamar ƙarin marainan namiji, ba su soka allura, su kan cire abin duka ne su aika. A nono, in za a yi aiki daga baya, a kan haɗa har da hanyar da allurar ta bi a cire.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. Yawancin ƙullutun nono, musamman ga 'yan mata da matan da ba su manyanta ba, ba daji ba ne. Mace za ta yi shekara tana kwana da fargaba, tana ɓoye wa mijinta, alhali takarda ɗaya za ta sauke mata wannan kaya. In kuwa dajin ne, tsokar ba ta tsaya ga faɗin haka ba. Tana nuna ko mai saurin girma ne ko mai tafiyar hawainiya. Da wani rini na musamman tana nuna ko irin wanda ke ci da sinadarin jikin mace ne, wanda ke tafiyar da al'ada. In shi ne, akwai ƙwaya mai suna tamoksifen, wadda a ke sha kullum shekara biyar ko fiye, tana hana shi abincinsa. In ba shi ba ne, ƙwayar nan ba za ta yi kome ba, sayenta asarar kuɗi ce. Bayan an yi aiki kuma a kan duba gefe-gefen abin da aka cire, a ga ko an fitar da shi da saiwarsa ko an bar saura.

Mu maza kada mu ce wannan zancen mata ne. Gyambon ƙafa da ya yi shekaru, ko tsohon tabon ƙuna, in bakinsa ya soma tashi yana tauri yana jini, yana iya rikiɗewa ya zama daji. Haka baƙin tabo a tafin ƙafa wanda ke faɗi yana sauya kama. Zabiya kuwa, da ke aiki a rana, duk mikin da ya ƙi warkewa a fuska ko wuya a kai shi a duba. In an gane da wuri a kan yanke wurin kawai. In an makara, ƙafar ce ke tafiya.

KWALBA DA TAKARDA

A nan ne mu mutanen ƙauye mu ke yawan yin asara, bayan an riga an sha wahalar. A ƙananan asibitoci sau da yawa a kan miƙa wa dangi kwalbar a ce su kai babban asibiti. Wani ya ga aiki ya yi kyau, mara lafiya ya tashi yana cin tuwo, sai ya ce me ya rage? Ya haƙa rami a bayan gida ya binne, ko ya ajiye a kan rumbu har a manta. Bayan shekara kumburin ya dawo, likita ya tambayi me aka gani a na farko, ba mai amsa. Abin da aka binne ba ya dawowa. Duk ƙullutun da aka cire daga jikin mutum, ko da likita ya ce yana zaton ba kome ba ne, ku tambaya ko za a aika a duba, kuma ina.

Wanda aka ba kwalba ya lura da waɗannan. Ya duba sunan da ke jiki daidai ne, takardar likita kuma tana tare da ita. Kada ya zubar da ruwan ko ya sauya shi da wani, ruwan ya rufe tsokar gaba ɗaya. Kada ya sa a ƙanƙara, gama daskarewa tana farfasa ƙwayoyin. Ya ɗaure murfin sosai, ya tsai da ita a tsaye, ya nisanta ta da yara da abinci, domin fomalin dafi ne. In an ba shi kwalba biyu, ɗaya da ruwan gishiri, wannan ta gwajin ƙwayoyin cuta ce kamar na tarin fuka, ba ta jure jira, a kai ta a ranar. In ya miƙa, ya karɓi lamba ko rasit, ya tambayi ranar dawowa.

Sa'an nan a koma a karɓi sakamakon. Akwai takardu da yawa da ke kwance a ɗakunan gwaji, masu su ba su zo ba, waɗansu don tsoro, waɗansu don kuɗin mota. Takardar da Turancin likitoci a ke rubuta ta, ko malamin makaranta ba zai fassara ta daidai ba, don haka a kai wa likitan da ya ɗiba, a tafi da mutum na biyu mai riƙe magana. A tambaye shi sunan cutar, da maganinta, da tsawon lokacinsa, da abin da zai ci. A yi hoton takardar biyu, ɗaya a gida, ɗaya a jaka, gama kowane asibiti aka je za a neme ta.

A ganina wannan aiki ne da ƙungiya za ta iya ɗauka ba tare da ta jira kowa ba. Muna da asusun taki da na iri. In aka ware ɗan abu daga cinikin kaka aka ajiye domin kuɗin mota da kuɗin gwaji, a ba memba rance ranar da bukata ta taso, ba sai ya jira ranar kasuwa ya karyar da akuya ba. In da damina ne, a yi masa gayya a nome gonarsa, tun da tsoron barin gona shi ke hana mutane da yawa tafiya. Ƙungiyar mata kuma ta zaɓi dattijuwa ɗaya mai riƙon asiri, wadda mace za ta iya nuna wa abin da ta ji a nononta, ta kuma raka ta. Magatakarda ya rubuta ranar da aka ce a koma karɓar takarda a littafinsa, kusa da ranar biyan bashin taki, in ranar ta matso ya aika a tuna wa mai ita.